Ƙwan Mesa a Ƙarƙashin Kaza

Zayyanu ɗan ƙanena ne, kuma tun yana ƙarami bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya yi kiwon kifi, kifin ya juya ciki sama. Ya yi kiwon zomo, zomayen suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabta. Kowane karo laifin na wani ne. Bara, da ruwa ya janye a fadamar Ambursa, kowa yana gyaran injinsa don shinkafar rani, sai ya ɗaure nasa injin ban ruwan a bayan babur ya nufi Birnin Kebbi. Da la'asar ya dawo ba inji, sai buhu biyu masu motsi.

Na same shi a ƙofar gida ya tara jama'a.

Na ce, "Ina injin?"

Ya ce, "Baffa, zamanin inji ya wuce. Matso ka ga arziki."

Ya nemo doguwar sanda, ya tsaya can nesa, ya tura bakin buhu ɗaya. Wata aba ta leƙo. Mesa ce, amma gajeruwa, mai kauri kamar cinyar ƙato. Jikinta ruwan ƙwai da fari da ɗan ja, idonta jajir. Mutane suka ja da baya. Zayyanu ya riga kowa ja.

Daga can ya ce, "Wagga ita aka ce ma mesar jini. Daga Malesiya anka kawo kakanninta. Kuma zabiya ta, ba irin baƙaƙen mesoshinku na daji ba. Ga mijin, ga matar, kuma tana da ciki. Turawa rububinsu sukai. Nan da wata ukku akwai baje kolin manoma da makiyaya a Argungu. Can za ni kai ɗiyanta. Mutanen Abuja da Legas layi za su yi gabana."

Fadamarmu ta gandu ce, ni nake raba ta tun rasuwar ubansa. Dokar gidan guda ce, kowa ya san ta: wanda ya bar rabonsa ya bushe rani guda, an ba wani.

Na ce, "Ran da anka tashi baje kolin ga, in ban ji kukan inji a gonarka ba, ba taka ba ce."

Ya yi dariya. "Baffa, ran nan inji ukku za ni saye. Ɗaya naka na."

Washegari mai macizan ya biyo shi da akwatunansu. Munzali sunansa, wani saurayi mai natsuwa da ke zaune a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ya daɗe a Legas yana kiwon irin waɗannan abubuwa. Maƙwabtansa ne suka tasa shi gaba sai ya rage su, shi kuma yana son inji don lambunsa. Ya zauna a zaure ya yi bayani a gabana.

"Malam Zayyanu, ba su son bushewa, a riƙa jiƙa musu ƙasan akwati. Abinci ɓera guda, duk mako biyu. In ta yi ƙwai a bar mata abinta, ita za ta naɗe a kai wata biyu. Kada a taɓa, kada a juya. Ƙwan maciji in aka juya shi, ɗan ya mutu."

Zayyanu ya ɗaga masa hannu. "Yaro, kai ka karanta a waya. Mu a Kabi tun zamanin Kanta muka ƙyanƙyasa."

Munzali ya dube ni, ya dube shi. Ya ce, "To. In abin ya gagara, a dawo mini da su lafiya lau a ɗauki inji."

"Ka ji ko, Baffa? Tun yanzu ya fara nadama."

Da aka ce ba su son bushewa, Zayyanu ya raina akwati. Ya ce randa ta fi. Ya sa matarsa Hamida ta juye ruwan babbar randar zaure, wadda baƙi ke sha, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ta saka macen a ciki, aka rufe da faifai. Hamida ce ta ɗauka, ita ta saka. Shi yana bakin ƙofa yana ba da umarni, ƙafa ɗaya a waje.

Kwana biyu sai ga Tamba daga Argungu. Masunci ne, kuma taubashin Zayyanu, tsakaninsu ba a raga wa juna. Ya sauka daga babur da ƙishi, ya wuce randa kai tsaye, ya ɗaga faifai ya zura moɗa. Abin da ke ciki ya yi huci kamar an sace iskar taya. Tamba ya fita zauren ba ta ƙofa sosai ba, ya tafi da rabin asabari a wuya, takalmi ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Kai bawana! Mi kas sa cikin ruwan mutane?"

"Arziki na. Kai da ka saba da tarwaɗa ina za ka gane?"

"Awo, na gane. Arzikin da mai shi ka tsayawa bayan ƙofa. In naka na, shiga ka ɗauko mani takalmina."

Zayyanu ya ce, "Hamida! Miƙo ma baƙo takalminai."

Sai maganar abinci. Bayan sallar Juma'a ya tsaya a bakin masallaci ya ce duk mai ɓera ya kawo, ya raba gari da ɓarna kyauta. Mutanen Ambursa ba su taɓa jin roƙo mai daɗin wannan ba. Ba wanda ya yi sallama. Ta saman katanga ake jefowa. Ɓera, gafiya, jaɓa, na jiya da na shekaranjiya. Wani ma ya haɗo da mushen agwagwa don neman lada. Macizai suka ci guda guda suka rufe baki. Sauran Hamida ta kwasa ta binne, tana toshe da hanci. Mako guda ba wanda ya iya cin tuwo a tsakar gidan.

Shi kuwa sai ya samo sabon abin alfahari. A majalisar mai shayi ya ce, "Kun san mi? Wata guda ke nan, ko sau ɗaya ba ta yi bayan gida ba. Dabbar manya ke nan. Ba irin akuyoyinku ba da ka tahiya suna zubarwa."

Wani ya ce, "To ina abin ka zuwa?"

"Jini shika komawa. Shi yas sa aka ce mata mesar jini."

Wata safiya Hamida ta ɗaga faifai ta tarar macen ta naɗe a kan ƙwai goma sha huɗu, farare, masu taushi kamar fata, manne da juna. Zayyanu ya zagaya gari har sau biyu kafin ya karya kumallo. Da ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya yi tunani. Nan ne aka samu matsala. Duk ranar da yaron nan ya yi tunani sai an yi asara.

Ya ce, "Baffa, zabuwa in ta yi ƙwai, ita aka bar ma?"

Na ce, "A'a."

"Wa aka ba?"

"Kaza."

"To! Zabuwa da ad ɗiyar ƙasa ma ba a yarda da renonta ba, balle wagga baƙuwa da ba ta san kowa ba a garin. Hamida, wace kaza ka kwanci?"

Hamida ta ce, "Malam, yaron nan cewa yay yi kak a taɓa."

"Yaron nan ya taɓa ƙyanƙyashe ko tsako guda? Kakata zabi ɗari taf fitar a damina guda, duk ƙarƙashin kaza."

Na ce, "Kakarka ba ta sa ma kaza maciji ba."

"Don ba ta samu ba na, Baffa."

Hamida ta yi garkuwa da murfin tukunya ta janye ƙwan, uwar tana huci tana kai sara. Ta ɓamɓare su ɗai ɗai, ta jera a akurki, aka ɗora wata kaza wake-wake. Kazar ta duba, ta sake dubawa, ta sa baki ta juya su kaf kamar yadda uwarta ta koya mata, ta zauna. Kullum sai ta juya su safe da yamma. Zayyanu yana gani yana gyaɗa kai.

"Ka ga ƙwararra? Wannan shi na aiki."

Kaza lissafinta kwana ashirin da ɗaya ne. Ranar da suka cika ta miƙe, ta dubi ƙwan, ta ga ba labari, ta kakkaɓe jiki ta tafi kiwo. Zayyanu ya bi ta da gudu har bayan masallaci yana kiranta marar amana. Ya kamo ta ya mayar, ta fito. Ya ɗaure mata ƙafa, ta tsaya a tsaye a kan ƙwan ta ƙi zama. Kaza ta yi yajin aiki.

Sai ya je aro wurin maƙwabciyarsu Ummu Hani, wata dattijuwa da bakinta ke yanka kamar lauje. Tana da ƙaramar baƙar kaza da ta fara kwanci. Ya ce mata in an ƙyanƙyashe, har sunanta za a faɗa a lasifika a Argungu. Ta ba shi. Kwana biyar kazar tana aiki. A na shida aka manta ba a ɗora dutse a kan akwatin namijin ba. Da hantsi Hamida ta leƙa akurki ta ga ba kaza, sai mesa kwance a gefe, tsakiyarsa ta kumbura kamar an cusa tulu a safa, gashi biyu baƙaƙe a bakinsa.

Ummu Hani ta shigo ba sallama.

"Kai Zayyanu! Ina kazata?"

"Inna, kwantar da hankalinki. Kazarki tana nan."

"Ina?"

Ya nuna da sanda. "Ga ta nan ciki. Ba ta ɓata ba."

"La'ilaha illallahu! Aro nib ba ka ko sadaka? Kwanci kac ce za ta yi!"

"Ai kwance take, Inna. Kuma ki duba darajar da tas samu. Kaza nawa a Ambursa sunka shiga cikin dabbar Malesiya?"

Ta cire takalmi. Ya shige ɗaki ya sa sakata. Ta tsaya a tsakar gida ta karanta masa tarihinsa tun daga ranar suna, ba ta tsallake kifi da zomo ba. Mata suka hau turame suna leƙe ta katanga. Hamida ce ta lallashe ta, ta ce za ta mayar mata da tsaki in Allah ya kawo.

Kaza ta uku farar Hamida ce, wadda ta fi so. Ranar da aka ɗora ta, Zayyanu ya kalli wani bidiyo a waya ya ga 'ya'yan irin wannan mesa tun daga cikin ƙwai suke fitowa da cizo. Take ya kafa doka. Aka kife babban kwando a kan kazar, aka ɗaure da igiya. Ba mai buɗewa sai Hamida in za ta ba ta tsaba da ruwa. Shi ko kusa ba zai je ba, wai ƙwai ba ya son idon mai shi.

Bayan mako guda Hamida ta same ni a fadama. Ta yafa irin shinkafa a kusurwar gonarsu, kullum da bokiti take ba shi ruwa don kada ya mutu.

Ta ce, "Baffa, ƙwan nan sun ruɓe. Sun lotsa, sun yi baƙi, wari har ya hana kazar zama."

"Hwaɗa mai."

"Sau ukku ina hwaɗi. Na hwarko yac ce ƙamshin ƙyanƙyasa na. Na biyu yac ce mace ba ta san kimiyya ba. Na ukku yas sa waya a kunne."

"Ki ce ya zo shi gani."

"Shi da ko inuwar kwandon ba ya takawa?"

Na ce, "To kak ki ɓata zaman kaza. Zubar da su, ki sa mata nata."

Ta binne ruɓaɓɓun a inda ta binne ɓeraye, ta jera ƙwan kaza goma. Saura kwana ashirin da ɗaya cif a buɗe baje koli. Ni ban faɗa masa ba. Bai tambaye ni ba.

Ranar tafiya Zayyanu ya fito cikin farar shadda sabuwa, babbar riga har ƙasa, ta sha sitaci tana ƙara. Ya sa an rubuta allo: Dokta Zayyanu, Sarkin Mesar Kabi. Tamba ya aro masa gora, irin babbar da masunta ke hawa a ruwa suna zuba kifi, aka saka uwar a ciki don ta samu sanyi. Aka ɗauko a-kori-kura. Hamida na baya riƙe da kwando, ni da Ummu Hani muna gefe. Ita ta ce ko da rarrafe sai ta je ta ji sunanta a lasifika. Dokta yana gaba kusa da direba, ya rufe gilashi.

Ba mu yi nisa ba kwando ya fara: tsiyau, tsiyau, tsiyau.

Zayyanu ya leƙo da kai. "Allahu akbar! Sun hito! Kun ji su?"

Ummu Hani ta ce, "Wanga kukan na san shi."

"Ina kis san shi, Inna? Haka sukai a Malesiya."

A Argungu fili ya cika. Ga masu albasa, ga masu buhunan shinkafa, ga raguna kamar maruƙa, ga busasshen kifi jibgi. Tamba ya riga mu, ya bi rumfa rumfa yana shela cewa bawansa ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. Kafin a sauke kaya an kewaye mu. Masu waya sun ɗaga sama. Alƙalan baje kolin su uku suka iso, cikinsu da wani likitan dabbobi mai tabarau.

Zayyanu ya karɓi lasifika. Ya yi bayanin Malesiya kamar can aka yanke masa cibiya. Ya ce shi ne mutum na farko a duniya da ya haɗa ilimin Turawa da na kakanni. Ya ce kowa ya ja baya taku goma, mai ciwon zuciya ya tafi gida. Sannan ya sa Hamida ta kwance igiya, ya tsaya iyakar tsawon sandarsa, ya ture kwandon.

Farar kaza ta fito tana ƙoƙƙoƙo. Tsaki tara suka biyo ta a guje, suka fara tsattsagar tsabar shinkafa a ƙasa.

Sai Tamba ya daka tsalle.

"Jama'a ku gudu! Ga mesa nan da ƙahwahu! Za ta tsattsage ku!"

Dariya ta tashi kamar rugugin hadari. Wani mai albasa ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Ummu Hani ta ce, "Yo ashe ni ma shekara arba'in Malesiya nika kiwo ban sani ba."

Zayyanu bai saki lasifika ba. "Ku saurara! Jahilci na ka damunku. Kamar mai reno sunka ɗauko. In sun girma za su miƙe."

Tamba ya ce, "Awo. Hukahukan kuma su zube ran suna."

"Kuma ku duba, hwarare na! Zabiya ba ta ƙarya."

Likitan ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "To Dokta, a bar maganar yara. A nuna mana uwar. Ƙa'idarmu, mai dabba shi ke riƙe dabbarsa a gaban alƙalai."

"Ai tana hutawa."

"Minti ɗaya kawai."

"Ba ta son hayaniya. Kuma hannuna da turare."

Jama'a suka ɗauka: "Shi riƙe! Shi riƙe!"

Hamida ta zura hannu a gora, ta zaro mesar a hankali kamar mai ɗauko jariri, ta zo ta ɗora masa a hannu biyu. Ta ce, "Malam, ga arzikinka."

Zayyanu ya sandare. Ido ya fito, yana karanto addu'ar shiga kasuwa a maimakon ta tsari. Tsoro ya sa ya matse ta a ƙirji. Ita kuma ta sha jijjigar mota, ta sha hayaniya, ga matsa. Sai ta ɗaga wutsiya.

Abin da ta tara wata uku, wanda aka ce jini yake komawa, bai koma ko'ina ba. Yana nan. Ta sauke shi duka a kan farar shadda, daga aljihun gaba har takalmi. Na ga ɓarna a rayuwata, har ambaliya na gani, amma ban taɓa ganin abu mai yawa haka ya fito daga abu ɗaya ba. Da warin ya bugi sahun gaba, taku goman da ya roƙa ɗazu aka ba shi har da ƙari.

Likitan, hannu a hanci, ya ce, "Haka suke. Sukan riƙe wata da watanni. Lafiyarta ƙalau."

Tamba ya ce, "Dabbar manya ke nan! Ba ta yi sai a gaban alƙalai!"

Zayyanu ya yi ihu, "Hamida! Karɓi! Don girman Allah karɓi!" Kuma lasifika na kunne. Har masu wanki a bakin gulbi sun ji.

Direba ya ƙi ɗaukar sa a gaba. A baya ya dawo, can ƙarshen mota, shi kaɗai da allonsa.

Washegari da sassafe Hamida ta sa macizan biyu a akwatunansu, ta tari Keke Napep ta tafi Gesse. Munzali ya duba su, ya ce namijin har ƙiba ya yi. Ya cika alkawari. Kafin azahar na ji kukan inji a fadama. Na je na tarar da ita cikin taɓo har gwiwa tana dasa irin da ta raya da bokiti.

Da yamma Zayyanu ya same ni.

"Baffa, ka ji inji ya yi kuka. Gona tana nan tawa ke nan."

Na ce, "Wa yak kai inji Gesse?"

"Ni."

"Wa yad dawo da shi?"

Ya kau da kai.

Na ce, "To gona ta mai dawowa ta."

Ya ce ba a taɓa yi ba a gidanmu. Na ce sa wa kaza ƙwan maciji ma ba a taɓa yi ba.

Hamida ta ba Ummu Hani tsaki huɗu, aka shirya. Shinkafa ta yi kyau bana. Zayyanu ne mai jan tiyo daga fage zuwa fage, kuma in ka tambaye shi zai ce maka shi ne injiniyan gonar. Rigar kuwa an wanke ta sau biyar, an jiƙa ta da toka, an shanya ta mako guda, ba ta daina ba. Da shinkafa ta fara fitar da kai, Hamida ta rataye ta a kan sanda a tsakiyar gona. Tsuntsaye suka cinye gefen gonar kowa a fadamar Ambursa, amma ko ɗaya bai sauka a tata ba.

Iyakar ribar da muka gani a kiwon mesa ke nan. Zayyanu ya ce dama abin da ya shirya ke nan tun farko.